Bitar Marubuta da Hanyar Maɗaba'a: Me Ake Iya Koya Cikin 'Yan Makonni?

 

 

Batun da aka ɗora mini a wannan taro shi ne bitar marubuta, wato horon nan mai zafi da ake tara masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai a wuri guda, na kwana biyar ko goma ko mako shida, a tsare su da karatu da rubutu dare da rana, da fatan su fito da abin da mawallafi zai karɓa ya buga. Duk wanda ke da daftarin littafi a jaka ko a cikin waya ya taɓa tambayar kansa: shin idan na shiga irin wannan bita, za a buga littafina? Amsar da zan kare a yau ita ce: babu bitar da ke zuba wa mutum baiwa, babu kuma wadda ke da ikon yi masa alkawarin bugu. Abin da bita ta gaskiya ke bayarwa abu ɗaya ne, shi ne ta haɗa marubuci da masu karatu marasa sassauci har ya koyi sake rubutu. Wannan abu ɗaya kuwa shi ne ratar da ke tsakanin daftari da littafi, kuma shi ne abin da adabinmu na Hausa ya fi ƙishirwarsa a yau. Zan bi maganar ta matakai shida.

Na ɗaya: daga ina tsarin ya fito, kuma yaya ake yin sa?

A shekarar 1936 Jami'ar Iowa da ke Amurka ta buɗe shirin da ake ɗauka a matsayin uban bitocin marubuta na zamani. Yawancin jami'o'i a lokacin sharhi a kan abin da magabata suka rubuta suke koyarwa, ita kuwa Iowa ta yarda ɗalibi ya miƙa nasa labarin ko nasa waƙoƙin a matsayin kundin neman digiri. Paul Engle, wanda ya ja ragamar shirin daga 1941 zuwa 1965, shi ya fito da sunansa duniya, kuma a hannunsa Flannery O'Connor ta yi karatu. Sai dai shirin Iowa na shekara biyu ne. Irin bitar da muke magana a kai, mai gajeren lokaci da matsi, ta fi kama da wadda Robin Scott Wilson ya kafa a 1968 a kwalejin Clarion da ke jihar Pennsylvania domin marubuta labaran ƙirƙirar kimiyya: mako shida, mahalarta ba su da yawa, kowane mako da sabon malami wanda shi kansa marubuci ne da ya yi suna, kuma ana son kowa ya kawo sabon gajeren labari duk mako. A wannan shekarar dai, a Ingila, John Moat da John Fairfax suka kafa gidauniyar Arvon, wadda ke kai marubuta gidan ƙauye su yi kwana biyar ba abin da ke gabansu sai rubutu. A 1970 kuma Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe irin wannan karatu a Jami'ar East Anglia.

Bari mu leƙa cikin ɗakin mu ga abin da ake yi. Da safe mahalarta suna zaune a kewaye. Kowa ya riga ya karanta labarin da za a tattauna tun daren jiya, ya ja layi da biro, ya rubuta tambayoyinsa a gefen shafi. Sai a fara zagayawa, kowa yana da minti biyu ko uku ya faɗi inda labarin ya kama shi, da inda ya sake shi, da inda bai gane ba, da inda bai yarda ba. Malami ne ke magana a ƙarshe. Shi kuwa mai labarin yana zaune da takarda yana rubuta abin da ake faɗa, ba a yarda ya ce uffan ba sai kowa ya gama. Me ya sa ake rufe masa baki? Saboda ranar da littafin ya isa hannun mai karatu a Gusau ko Maraɗi, marubucin ba zai kasance a gefensa yana cewa ai ga abin da nake nufi ba. Abin da bai hau takarda ba, bai isa ba. Wannan shirun shi ne darasi mafi tsada a duk bitar, domin a nan marubuci ke jin bambancin labarin da ke cikin kansa da labarin da ya sauka a shafi.

Na biyu: me ake koya, kuma me ya sa matsin lokaci ke aiki?

A ce wata matashiya ta kawo babin farko na littafinta, shafi goma sha biyu. Ta buɗe da fitowar rana da kukan tsuntsaye, ta shiga siffanta tauraruwar daga gashin kai zuwa yatsun ƙafa, ta zagaya da mu gidan mahaifinta, ta ƙirga mana motoci da kujerun falo. Sai a shafi na tara uwar yarinyar ta turo ƙofa ta ce mata an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta, kuma ba daga wanda take zato ba. Idan mutum goma sha biyar suka karanta, goma sha biyu suka ce hankalinsu bai tsaya ba sai a shafi na tara, to marubuciyar ta samu abin da shekara goma na yabon ƙawaye ba za su ba ta ba. Malami zai tambaye ta: me za a rasa idan labarin ya fara daga turo ƙofar nan? Za ta koma ɗaki ranta a ɓace, domin shafi takwas ɗin nan ta sha wahalarsu, amma idan ta dawo gobe da babi mai shafi biyar wanda ke riƙe mai karatu tun layin farko, ta koyi abin da zai bi ta har ƙarshen rayuwarta ta rubutu. Haka za a nuna mata cewa kakar da ta zo daga ƙauye da direban motar haya da likitan asibiti duk baki ɗaya suke magana da shi, bakin marubuciyar. Haka za a nuna mata cewa shafi biyun ƙarshe da ta tsaya tana yi mana nasiha sun nuna ba ta amince labarin ya isar da saƙonsa da kansa ba. Zubi da tsari, gina taurari, sarrafa zance, sanin inda za a shiga fage da inda za a fita: duk waɗannan sana'a ce, ana koyon ta, ana kuma koyar da ita.

Akwai wani sirri da masu neman shiga bita ba su cika lura da shi ba. Suna zuwa ne don a karanta nasu, alhali riba mafi girma tana cikin karanta na wasu. Ku yi lissafi: mutum goma sha takwas, kowa labari ɗaya a mako, har mako shida. Kowane mahalarci zai karanta labari kusan ɗari waɗanda ba a gama gyara su ba, kuma dole ya faɗi a gaban jama'a abin da ke damun kowanne. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. To bita tana amfani da wannan hali namu ne. Bayan ka hango kuskure iri ɗaya a labari ashirin, idonka zai fara ganin sa a naka tun kafin wani ya nuna maka. Matsin lokaci kuma yana kashe jiran ilhama. Wanda aka ce ya kawo labari ranar Alhamis ba shi da sukunin cewa yau kaina bai buɗe ba. Zai zauna ya rubuta, ya gano cewa zaman ne ke jawo ilhamar.

Na uku: tarihinmu ma yana da hujja.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne da ba shi da alaƙa da mu. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun edita aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta labarai don gasa, kuma daga nan aka samu littattafai biyar da muka sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Waɗannan littattafai sun bi ta hannun edita, an tace, an rage, an gyara, kafin su ga maɗaba'a. A 1936 aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, aka zaunar da shi a Zariya wata shida, aka tara masa littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, ba shi da wani aiki sai rubutu da tattaunawa da edita. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Jama'a, idan wannan ba bita mai zafi ba ce, mece ce? A wannan shekarar da Iowa ke buɗe ƙofa, ana yin aikin a Zariya. A fagen waƙa ma, ƙungiyoyi irin su Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu sun tara mawaƙa suna jin waƙoƙin juna. A fagen labari kuma, gasar kamfanin ɗab'i na NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980.

Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye suka koma littattafan makaranta. Matasa ba su zauna jira ba. Suka tara kuɗinsu suka buga da kansu, suka kai kasuwa, aka samu abin da ake kira adabin kasuwar Kano, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama, da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa. Wajibi ne mu jinjina musu, domin su suka shigar da karatun Hausa ɗakunan matan aure da jakunkunan 'yan makaranta a lokacin da babu wanda ya damu. Amma a wannan sabuwar hanya, daga marubuci sai maɗaba'a sai ɗan kasuwa, an tsallake kujerar edita. Yau kuma da rubutu ya koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ratar ta ƙara faɗi: abin da aka rubuta da azahar ya isa ga dubban masu karatu kafin isha, ba wanda ya duba, ba damar komawa a gyara babi na biyu idan babi na talatin ya saɓa masa. Muna da marubuta, muna da masu karatu, har ma fiye da kowane lokaci. Wanda ya ɓace shi ne mai tsayawa a tsakani ya ce: koma ki sake. Bita ita ce hanya mafi sauri ta mayar da wannan kujera.

Na huɗu: ina bita take haɗuwa da bugu?

A nan ne ya kamata a yi wa masu neman shiga gaskiya. Octavia Butler ta halarci Clarion a 1970, ta kuma sayar da gajerun labarai biyu ta dalilin bitar. Bayan nan sai ta yi shekaru tana ƙananan ayyuka tana rubutu da asuba ana mayar mata da daftari, littafinta na farko bai fito ba sai 1976. Kazuo Ishiguro ya shiga East Anglia a 1979, littafinsa na farko ya fito a 1982, kyautar Nobel kuwa sai 2017. Waɗannan su ne waɗanda suka yi nasara. A kowane aji akwai da yawa da ba su buga komai ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka biya kaza ka zo bitar kwana uku ka fita da littafi, ka riƙe aljihunka.

To amma bita tana gajarta hanya ta fuska uku. Ta farko, daftarin da aka sake sau uku ya fi samun shiga wurin mawallafin da ke da tulin daftari a gabansa, wanda shafukan farko kaɗai zai duba ya yanke hukunci. Ta biyu, bitoci masu kyau suna ƙarewa da bugu na haɗin gwiwa. Gasar Caine, wadda aka fara bayarwa a 2000, tana shirya bita a ƙasashen Afirka daban-daban inda marubuta ke zama da editoci, kowa ya kammala labari guda, a buga su cikin kundi tare da labaran da suka kai matakin ƙarshe na gasar. A 2013 marubuta biyu daga arewacin Nijeriya sun kai wannan mataki: Abubakar Adam Ibrahim da Elnathan John. Gajeren labarin Elnathan mai suna Bayan Layi shi ya zama mafarin littafinsa Born on a Tuesday, shi kuwa Abubakar ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016 da Season of Crimson Blossoms. Gajeren labarin da aka buga shi ne shaidar da mawallafi ke fara dubawa. Ta uku, haɗuwa da mutane. Chimamanda Ngozi Adichie ta shafe shekaru tana jagorantar bitar kwana goma ta Farafina a Legas, tana gayyato marubuta irin su Binyavanga Wainaina na Kenya su koyar. A Iseyin ta jihar Oyo, Wale Okediran ya buɗe gidan Ebedi a 2010 inda marubuci ke zama makonni ya ƙarasa aikinsa. A Yuganda ƙungiyar mata marubuta ta FEMRITE ta raini Monica Arac de Nyeko, wadda ta ci gasar Caine a 2007. Tun kafin duk waɗannan, a taron marubuta na Makerere a 1962 ne wani ɗalibi ya miƙa wa Chinua Achebe daftarinsa, Achebe ya kai shi ga kamfanin Heinemann, aka buga Weep Not, Child a 1964. Ɗalibin nan shi ne Ngugi wa Thiong'o. Ku lura dai: Ngugi ya je da daftari a hannu. Haɗuwa da manya ba ta amfanar wanda ya je hannu rabbana.

Na biyar: abin da masu suka ke cewa.

Suka ta farko ita ce rubutu baiwa ce daga Allah, ba a koyar da ita. Na yarda baiwa daga Allah take, kuma babu malamin da zai dasa ta inda babu. Amma wace baiwa ce ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba tare da horo ba? Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja nasa ayarin. Wa zai ce amshin nan ya rage masa baiwa? Masu wannan suka suna kawo sunayen manyan marubutan da ba su taɓa shiga bita ba, kuma gaskiyarsu, suna da yawa. Amma in ka bincika za ka tarar kusan kowannensu yana da edita ko aboki ko malami da ke karanta masa ba sani ba sabo. Bita tana samar da wannan ne ga wanda bai yi sa'ar samunsa a gida ba, kuma yarinyar da ke rubutu a ƙauye ita kaɗai ta fi kowa buƙatarsa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: bita tana mayar da marubuta bai ɗaya, kowa ya fito da salon malaminsa ko salon da ya ga yana cin gasa. Wannan ba zargi ne na banza ba. Helon Habila, wanda shi kansa ya ci gasar Caine a 2001, ya yi tambaya a wani sharhi da ya rubuta a 2013 ko wasu marubutan Afirka ba sa tara yaƙi da yunwa da talauci a labari ne don abin da alƙalan ƙetare ke son gani. Haɗarin yana nan, kuma mutum ashirin a ɗaki suna iya taruwa su danne muryar da ta fita daban don kawai ba su saba da ita ba. Maganinsa yana cikin tsarin bitar. Shi ya sa Clarion ke sauya malami duk mako, don ɗalibi ya ga manya ma suna saɓani, ya gane cewa hukunci na ƙarshe nasa ne. Malamin kirki yana tambayar me labarin nan yake son zama, ya taimaka masa ya kai can. Kuma mu tambayi kanmu: rashin bita ya hana mu kama da juna? Ku ɗauki labaran soyayya goma daga waya ku duba mafarinsu da taurarinsu da ƙarshensu. Kasuwa ma tana mayar da mutane bai ɗaya, kuma ita ba ta ba ka dalili.

Suka ta uku ita ce ta kuɗi da iko: wanda ya biya shi ke juya akalar. Wannan ma akwai hujja. Eric Bennett, a littafinsa Workshops of Empire na 2015, ya nuna yadda Engle ya nemi kuɗi da hujjar yaƙar kwaminisanci a zamanin yaƙin cacar baka, har da na wata gidauniya da aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ke amfani da ita. Taron Makerere ɗin nan ma ƙungiyar da ta ɗauki nauyinsa daga baya aka gano wannan hukumar ce tushen kuɗinta. East kansa ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma littattafan karatu a makarantun boko yake nema. Duk da haka Ngugi bai zama ɗan amshin shatan kowa ba, Imam kuma ya bar mana Hausar da har yau ake koyi da ita. Darasin shi ne a san mai ba da kuɗi, a bayyana sunansa, a kuma hana shi zama a kujerar edita. Idan muna tsoron akalar wasu, to attajiranmu da jami'o'inmu da gwamnatocin jihohinmu su ɗauki nauyin, domin ciyar da mutum goma sha biyar na mako biyu bai kai kuɗin biki ɗaya ba.

Na shida: wace irin bita ta dace da marubucin Hausa?

Kusan duk bitocin da na ambata da Ingilishi ake yin su. Marubuciyar da ke da dubban masu karatu da Hausa ba ta da gurbi a cikinsu sai ta bar harshenta a bakin ƙofa. Alhali kuwa akwai shaidar cewa abin da aka rubuta da Hausa yana iya tafiya: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Aliyu Kamal ya fassara shi, kamfanin Blaft ya buga shi a Indiya a 2012. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke shirye su rubuta gajeren labari bisa ƙa'ida. Gasa tana zaɓar gwanaye uku. Sauran da suka kusa fa, wa ke zama da su ya nuna musu inda suka gaza?

Don haka ga abin da nake ba da shawara. A yi bitar da Hausa, a tattauna da Hausa. A zaɓi mahalarta bisa rubutun da suka aiko, a cire sunaye kafin alƙalai su gani, kada su wuce goma sha biyar. Kada kwanakin su gaza goma, kuma kaso mafi yawa ya tafi a karanta aikin mahalarta, domin taron da manya ke jera jawabai tun safe har la'asar a raba takardar shaida, lacca ce irin wadda nake yi yanzu, tana da amfaninta, amma hannun kowa ba ya gogewa a cikinta. A sa mai ƙa'idojin rubutu ya zauna da kowa a kan shafinsa, tun da an yi zaman daidaita su a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, kuma daftarin da bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba yana gajiyar da mawallafi tun kafin ya kai ga labarin. A gayyato mawallafi da mai sayar da littattafai su yi bayanin kuɗin bugu da yarjejeniya da haƙƙin mallaka, don kada marubuci ya sayar da guminsa da rahusa cikin rashin sani. A tsara wuri da lokaci yadda matar aure da mai goyo za su iya halarta da yardar gida da kwanciyar hankali, domin mata su ne ƙashin bayan wannan adabi. A haɗa kowane mahalarci da edita na wata shida bayan an watse, a rufe da kundi da aka tace da kyau. A ƙarshe a auna nasarar bitar bayan shekara biyu, da tambaya ɗaya: daftari nawa aka sake, nawa suka zama littafi? A cikin mahalartan kuma a nemi masu kaifin ido a raine su su zama editoci, domin edita ɗaya nagari yana iya tayar da marubuta hamsin.

Ku kuma masu burin ganin sunanku a bangon littafi, kada ku jira sai an kira ku Legas ko Iowa. Mutum biyar masu gaskiya, da ranar haɗuwa tsayayya, da sharaɗin mai labari ya yi shiru har a gama, sun isa a fara a kowace unguwa. Ku je da abin da kuka rubuta, ku saurari abin da ba ku so ji ba, ku koma ku sake.

'Yan'uwa, a nan zan dasa aya.   Na san a cikinku akwai masu tambaya, akwai masu gyara, akwai kuma waɗanda ba su gamsu da wasu hujjojina ba. Fili naku ne, bisimilla.